Mai Ƙanƙara da Maganin da Ba Ya Son Sanyi

Duk layin nan babu wanda bai san Mai Ƙanƙara ba. In ba ka san fuskarta ba to ka san muryarta, don in ta buɗe baki a shagonta na bakin titi, wanda ke ƙarshen layi ma ya san wa ake wa faɗa yau. Gajera ce, kakkaura, kafaɗa kamar ta ɗan dako. Shekara talatin da biyu sana'arta ɗaya: da yamma ta ɗura ruwa a leda da robobi ta jera a firiza uku, da safe ta fito da su sun zama dutse. Masu kifi, masu lemo, masu sayar da ruwan sanyi a tasha, duk a ƙofarta suke layi tun rana ba ta yi zafi ba. Shagon a gaba, gidan a baya, ƙofa ɗaya ta raba su.

Abin taƙamarta a duniya hannunta ne. Ba wai kyau gare shi ba, kyau kam babu, tafin kamar bayan tukunya. Amma hannun nan ba ya jin sanyi. Za ta zura shi cikin firiza har gwiwar hannu ta ɓamɓaro ƙanƙara mai nauyin jariri tana hira da kai, ko ido ba ta ƙiftawa. Kuma da zarar ta ɗora tafi a kai ta san ko cikin ya kama ko bai kama ba. Don akwai wata irin ƙanƙara da take kira maƙaryaciya: waje dutse, ciki ruwa, kafin azahar ta narke ta bar ka da kifi mai wari. Ita tunda take ba ta taɓa sayar wa mutum maƙaryaciya ba, kuma tana faɗar haka sau goma a rana ko ba a tambaye ta ba.

Mijinta mai gyaran firji ne, Injiniya ake ce masa, har ita. Dogo siriri, in ya yi magana uku a yini to ranar ya yi surutu. A gyaran firizarta ta farko suka haɗu, firizar da ta lalace sau huɗu a wata ɗaya. Ita ta ce da gangan yake barin waya a kwance don ya samu dalilin dawowa, shi kuma har yau bai musa ba. To gidan da uwa ke sayar da ƙanƙara uba ke gyaran firji, kun san maganin komai a gidan. Zazzaɓi, ƙanƙara. Ƙulu a goshi, ƙanƙara. Ciwon kai, ƙanƙara a tsumma. Ko faɗa suka yi, shi bai iya ba da haƙuri da baki ba, sai dai ya ajiye mata kofin ruwa mai raɓa a gefe ya wuce. Haka suka raini 'ya'ya uku har suka aurar, kowa ya kama gabansa.

Ciwon kamar wasa ya fara. Ta ga jini a bayan gida ta ce basir ne, ai duk mai yini a tsaye yana da basir. Ta yi ta shan jiƙe-jiƙe kusan shekara guda. Yau cikin ya ɗaure, gobe ya tsinke, zani ya fara yi mata yawa tana murna wai ta samu siranta a kyauta. Sai ranar da ta ɗago ƙanƙara ta ga shagon yana juyawa, ta zauna daɓas cikin ruwan da ke ƙasa. Injiniya ya rufe akwatin kayan aikinsa ya ce asibiti. Ba ta yi musu ba, don ita ma ta sha jinin jikinta.

Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka zura mata kyamara ta inda ba a faɗa a gaban surukai. Bayan sati biyu likita ya zaunar da su ya ce kansa ce, wato ciwon daji, a hanji, can ƙasa kusa da mafita. Ya ce ba ta bazu ba, kuma wannan babban abin godiya ne. Mai Ƙanƙara ta ƙare masa kallo, bai wuce sa'an ɗanta na fari ba, ta ce to a cire mata ta tafi, ta bar ruwa a firiza.

Ya ce hanya biyu ce. Ko a yi mata tiyata yanzu a yanke wurin, amma da yake tsiron babba ne kuma ya sauko sosai, mai yiwuwa ta ƙare rayuwarta da jaka manne a ciki, ta nan bayan gida zai riƙa fita. Ko kuma a fara da kemo, maganin da ake sawa a ƙarin ruwa, sau shida, duk bayan sati biyu, tsiron ya motse sannan a yi aikin. In Allah ya taimaka, ko an sa jakar ta 'yan watanni ce. Bai ɓoye mata ba, ya ce kowace hanya da wahalarta, shi da abokan aikinsa sun fi karkata ga a fara da maganin, amma jikinta ne, ita za ta zaɓa.

"Wato ko wuƙa ko ruwa," in ji ta.

"Ko wuƙa yanzu, Mama, ko ruwa sannan wuƙa."

"Ɗana, ni ruwa sana'ata ce. A sa ruwan."

Ya ce duk da haka ta je gida ta yi shawara. Shawarar ba ta yi nisa ba. Injiniya wuƙa yake so, ya ce su in bututu ya ruɓe yankewa suke su haɗa, ba a lallashinsa. 'Ya'yan suka rabu a waya, biyu ruwa, ɗaya wuƙa, autar cikinsu kuma ta haɗa nata ra'ayin da kuka. Mai Ƙanƙara ta ce duk wanda za a rataya wa jakar a cikinsa ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga, magana ta ƙare.

Abu ɗaya ta sani game da kemo, wai yana zubar da gashi. Ta ce ita ba za ta zauna magani ya yi mata aski ba, ta sa Injiniya ya kwashe gashin tas da reza ana gobe za a fara. Da suka isa ɗakin kemon, wani dogon ɗaki mai kujeru takwas kowace da sandar rataya ruwa, ta zame ɗankwali ta nuna wa nas ɗin da ke kula da wurin, wadda kowa ke kira Sista, don ta san ta zo a shirye. Sista ta dubi kan nan yana ƙyalli, ta cije leɓe, ta ce ai wannan maganin bai cika zubar da gashi ba, sai dai ya rage masa yawa. Matan da ke sauran kujerun har da masu riƙe ciki. Ita ma ta yi dariyar, ta ce to an yi wa kwarkwata wulaƙanci dai.

Da aka sa ruwan Sista ta jawo kujera ta fara jero mata abin da za ta gani: tashin zuciya, gudawa, gyambon baki, gajiya. Sannan ta ce akwai babba. Maganin nan ba ya shiri da sanyi. Kwanakin farko bayan kowane zuwa kar ta sha abu mai sanyi, kar ta taɓa abu mai sanyi, ko firji kar ta buɗe babu safar hannu. In kuma ta ji bakin yatsunta sun mutu sun ƙi dawowa, ta faɗa da wuri, kar ta ɓoye. Ina Injiniya a lokacin? Yana can baranda a tsugune, kunne manne da firjin ɗakin, wai ya ji injin yana tari.

Mai Ƙanƙara ta buɗe tafinta ta miƙa.

"Sista, taɓa nan ki ji. Wannan hannun ya girmi sanyi. Ki ajiye gargaɗinki ga masu hannun burodi."

Sista ta ce jiki magayi, ta rubuta lambarta a bayan kati ta ba ta. Ita kuwa ko a hanya ba ta ga abin faɗa wa miji ba.

Ashe shi ma da nasa shirin. Sati guda yana gyaran wata tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki a ɓoye, ya sa an kafa ta a ɗakinta suna asibiti, wai maras lafiya ta huta. Suna isowa ya riga ta shiga ya kunna, ya haɗo lemo a babban kofi, ƙanƙara har baki. Ta kama mariƙin ƙofa na ƙarfe ta ji zirr kamar lantarki ya ja ta, ta ce masa waya ta taɓa ƙofar nan. Ta shiga ɗakin, fuskarta ta ɗauki tsikari kamar ana watsa mata allurai. Ta karɓi kofin, yatsun suka ce wayyo. Mai hankali a nan zai tsaya. Ita ta kafa kai ta kurɓa.

Maƙogwaron ya shaƙe kamar an damƙe ta ta baya. Ta saki kofin, ido waje, tana nuna wuya. Injiniya ya ga matarsa na neman numfashi, ya yi abin da gidan ya sani: ya ruga shago ya naɗo ƙanƙara a tsumma zai ɗora mata a wuya. Allah ya sa ƙafarta lafiya lau take. Shurin da ta kai masa sai da ya haɗu da bango.

Ƙarar ce ta shigo da Mai Guga. Wannan maƙwabciyarsu ce ta shagon gefe, mai wanki da guga, mijinta ya rasu da daɗewa. Shekara goma ba su ga maciji da Mai Ƙanƙara. Wannan ta ce zafin dutsen guga na ratsa bango yana narka mata kaya, waccan ta ce ruwan ƙanƙara na bi ta ƙarƙashin ƙofa yana jiƙa mata kayan mutane. Mai Ƙanƙara tana ce mata Gawayi, ita kuma Mai Guga tana ce mata Madam Ambaliya. Mai Guga ta ga abin da ake ciki, ta fizgi katin daga kan gado ta kira Sista da wayarta. Sista ta ce a kashe sanyin, a ba ta ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan, abin akwai ban tsoro amma yana wucewa, in bai sake ta ba nan da 'yan mintoci a kawo ta. Mai Guga ta ɗauko ruwan zafin da take dama sitati da shi ta surka. Kurɓa uku wuyan ya buɗe.

Kalmar farko da ta fito daga bakin Mai Ƙanƙara ita ce ruwan warin sitati yake. Mai Guga ta ce alhamdu lillahi, ta warke.

A ranar Injiniya ya cire na'urarsa. Ya bi duk mariƙin ƙofa da kan famfo a gidan ya nannaɗe da robar tayar keke. Ya sayo filas babba. Ya karɓo mata safar hannu wajen abokinsa mai walda, irin mai kaurin nan har gwiwar hannu. Sai ga Mai Ƙanƙara guda a ƙofar shago cikin rana tsaka, kai a aske, ƙafa cikin safa, hannu cikin safar walda, tana shan ruwan zafi. Duk wanda ya wuce sai ya waiwayo, ita kuma ta ce ya kalla da kyau, yayi ne, shi ma zai iso gidansu.

Sauran wahalhalun ta iya da su. Abinci ya koma ɗanɗanon makulli, ta daina cokalin ƙarfe ta koma na roba. Lomar farko muƙamuƙinta ke riƙewa, sai ta jira ya saki ta ci gaba. Tashin zuciya ta haɗa masa ƙwayar da aka ba ta da shayin citta, ta koma cin abinci kamar tsuntsu, kaɗan sau shida. Bakin da ya yi gyambo ta riƙa kuskure shi da ruwan gishiri mai ɗumi, kuma ko da gyambon faɗa bai ragu ba. Gudawa kuwa ta ce daga shago zuwa banɗaki taku goma sha ɗaya ne, ta san wannan yanzu ko ido a rufe. Abin da ya riƙe ta shi ne bayan kwana biyar tsikarin na tafiya. Ta cire safa ta koma firiza da hannunta tsirara, sati na biyu nata ne.

Zuwa na biyu sai da ya yi kwana bakwai. Na uku kwana goma. Bayan na huɗu bai tafi ba. Bakin yatsun suka zama kamar ta aro na wani, ba ta iya ƙulla leda, allura ta gagare ta, maɓallin riga sai Injiniya. Kuma duk zuwa Sista na tambaya ya yatsu, ita kuma tana cewa lafiya lau. Ta yaya za ta ce wani abu? Ita ce fa ta miƙa tafi a gaban mata bakwai ta ce ya girmi sanyi.

Ran nan da safe Baba Mai Kifi ya zo da kularsa. Tsoho ne, shekara goma sha takwas a wajenta yake saye. Ta zare safa, ta cije, ta ɗora tafi a kan ƙanƙarar. Zafin ta ji, amma labarin da ƙanƙara ta saba ba ta, shiru. Kunya ta hana ta cewa ba ta sani ba, ta miƙa masa. Kafin azahar ya dawo ya ajiye kular a gabanta ya buɗe. Kifi na iyo a ruwa kamar sun koma gida. Da zagi ya yi da ta ji daɗi, don ta iya wannan. Sai ya ce ba komai, ciwo ne, Allah ya ba ta lafiya. Ta shiga ciki ta rufe ƙofa, ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka ce mata kansa.

A nan ta yanke. Jaka a ciki zani zai rufe, hannun da ya mutu kuwa duk layi zai gani. Ba za ta koma kemon ba, za ta jira hannun ya dawo sannan ta je ta ce a kawo wuƙar. Ranar zuwa na biyar ta ce wa Injiniya an ɗaga. Ya dube ta ya ɗan jima, ya ɗauki akwatinsa ya fita.

Abin da ta manta, lambar da Sista ke da ita tun ranar shurin nan ta Mai Guga ce. Kwana uku sai ga Mai Guga ta shigo shagon, mayafi a kafaɗa, jaka a hammata.

"Madam Ambaliya, tashi. Sista ta kira ni."

"To ki je mana, Gawayi, ke aka kira."

"Kujerarki kwana uku ba kowa. Ke da kike cika mana kunne ba kya sayar da maƙaryaciya, wata biyu kina sayar wa Sista ita. Waje lafiya lau, ciki ruwa."

"Hannuna ne zai mutu, ba naki ba."

"To ki faɗa musu mana. Ni kika ga na yi karatun likita? In kin mutu wa zan yi faɗa da shi, wannan mijin naki da ba ya magana?"

Injiniya na bakin ƙofa, ashe har ya tsayar da mota. Ta dube su su biyu, ta ce an haɗa mata baki, ta ɗauki safarta.

A gaban likita ba ta tsaya gaisuwa mai tsawo ba, ta ce ta fasa ruwan, a kawo wuƙa. Ya ce ta ɓalle maɓallin hannun rigarta ta mayar. Ta yi ta fama, maɓallin na gudu. Ya tambaya tun yaushe, Mai Guga ta riga ta amsawa. Likita ya ajiye biro ya ce ai don wannan ake tambayarta duk zuwa. Ruwan da ake sa mata ba magani ɗaya ba ne, haɗi ne, kuma ɗaya ne a ciki ke cizon jijiyar yatsu. Ana iya rage shi, in ta kama a cire shi a bar sauran su yi aiki. Da ta faɗa tun zuwa na uku da tuni an rage. Mai Ƙanƙara ta saki maɓallin. Ita duk zatonta ko ka shanye duka ko ka gudu, ba ta san ana ragi a asibiti ba.

Ya ce har yanzu zaɓin nata ne. In ta ce wuƙa, za a sa rana, amma tsiron bai gama motsewa yadda suke so ba, maganar jaka ta har abada tana nan. In ta ce ruwa, saura biyu, kuma da ragi.

"In na ƙarasa, hannun zai dawo?"

"Ba zan yi miki alkawari ba, Mama. Yawanci yana dawowa a hankali, cikin watanni. Wani ba ya dawowa duka."

Ta juya tafin tana kallo.  Huɗu cikin shida. Ta san abin da ake kiran ƙanƙarar da aka fito da ita a wannan mataki: maƙaryaciya.

"Ni ba na fito da abu bai kama ba," in ji ta. "A mayar da ni firizar."

Kafin ta zauna a kujerarta sai da ta tsaya tsakiyar ɗakin kemon ta ce wa Sista, kowa na ji, hannun nan bai girmi sanyi ba, sanyi yayansa ne. Sista ta ce ta karɓa.

Watan da ya biyo baya layin ya ga abin da bai taɓa gani ba. Da safe Mai Guga ce a bakin firiza tana ciro ƙanƙara tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro wannan sana'a. Mai Ƙanƙara kuma na shagon guga tana ninke kayan mutane da ɗuminsu. Dutsen gugar kam Sista ta hana, ta ce hannun da ba ya ji zai ƙone bai sani ba. Saura gane maƙaryaciya, don Mai Guga ko ta shekara tana shafa ƙanƙara ba abin da za ta ji sai sanyi. Nan Injiniya ya yi dogon jawabi, kusan jimla biyu. Ya ce abin da ya cika da abin da bai cika ba ƙararsu ba ɗaya ba ce. Ya ƙwanƙwasa guda biyu da sifana, ɗaya ta ce ƙwal, ɗaya ta ce ɓuf. Mai Ƙanƙara ta ce ai ta sani, gwada shi take. Daga ranar ta rataya cokali a wuya da zare, sai a turo mata ƙanƙara a faranti ta buga ta kasa kunne ta yanke hukunci. Sati guda tana fasa duk wadda ta yi shakka don ta ga ko kunnen ya faɗi gaskiya. Da ta tabbata ta aika a kira Baba Mai Kifi, ta zaɓar masa da kanta. Da yamma ya biyo ya ce har yanzu da sauranta a kula.

Na biyar da na shida suka wuce da sauƙi a kan na baya. Aka sake hoto, tsiron ya motse kamar ledar da aka tsiyaye. Aka yi aikin. Ta farka ta tarar da jakar a cikinta, amma likita ya ce ta aro ce, sai ɗinkin ciki ya warke. Kwana biyu ba ta kalli wajen ba, rana ta uku ta koyi canzawa, sati na biyu har tana koya wa wata mata a gadon gefe, tana ce mata ita da ta yi shekara talatin tana ɗaure ruwa a leda wannan ba baƙon aiki ba ne. Wata huɗu aka cire. Yanzu duk bayan wata uku take zuwa a duba ta, kuma zuwa yau ba a ga komai ba.

In ka biyo layin da safe za ka same ta a bakin firizarta. Ta rame kaɗan, gashin ya fito da furfura a gaba, ba ta zura hannu sai da safa. Hagun ya dawo gaba ɗaya. A dama, babban yatsa da na tsakiya da ƙaramin sun dawo ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai da aka sanar da layi. Manuni da na kusa da ƙaramin ne har yanzu bakinsu shiru, in za ta ƙulla leda sai ta haɗa da haƙori.

Wata mai lemo ta taɓa yi mata jaje a kan yatsun. Ta ɗaga hannayen biyu ta ce wane jaje, ma'aikata goma suka tafi yajin aiki takwas suka dawo, ai shago ya buɗe. Biyun nan ma tana jiransu, ba ta ɗauki wasu a madadinsu ba.